Na Gyara Hitar Gimbiya, Baba

Zuwa ga mahaifina, a gidansa na Masaka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, ina kuma yi maka ya jiki. Na san ba za ka iya riƙe waya ka karanta wannan ba, shi ya sa na roƙi ƙanina Nura ya zauna kusa da kunnenka ya karanta maka, kada ya tsallake ko layi ɗaya. Na sa ta a shafina kowa ya gani, don ka daɗe kana son a yi maganar motarka a bainar jama'a.

Nura ya ce min likita yana son ganinka a Garki, amma ka ƙi shiga kowace mota. An kawo ta maƙwabci, ka kau da kai. An kira tasi, ka runtse ido. Sai hoton Gimbiya da ke bangon falo kake nunawa da hannun hagu, wanda shanyewar jiki ta bar maka bayan ta ɗauke maka dama da magana. To, albishirinka. Gimbiya ta tashi, ni kuma zan zo da ita ranar Litinin in ɗauke ka.

Masu karatu ba su san ta ba, bari in gabatar musu. Gimbiya tsohuwar mota ce ruwan toka, 'yar ƙasar sanyi, ta girme ni. Tun da ka kwanta aka jawo ta gidana a Kado, saboda ɓarayi sun fara kwance mata fitilu. A gidanmu ita ce babbar 'ya. Ita ake wa wanka kafin mu, ita ake lulluɓewa idan hadari ya taso, kuma ban taɓa jin ka ɗaga mata murya ba.

Ka tuna hannayen gilas? Ka kwance guda uku ka ɓoye, wai yara za su karya. Ɗaya ka bari a ƙofarka. Duk mai son iska sai ya roƙa, ka ciro naka ka miƙa, ya sauke gilas daidai yadda ka yarda, ya mayar maka. Har Umma, matar da ta haifa maka mu, sai ta ce don Allah.

Ka tuna kuma dabararka ta cunkoso? Daga Garki zuwa Masaka, idan motoci suka tsaya cik a tsakiyar bazara, allurar zafi ta fara hawa, sai ka tura maɓallin hita har ƙarshe, ka kunna fanka. Wani ya koya maka cewa hita tana janye zafi daga inji. Gaskiya ne, tana janyewa. Cikin mota take zubo shi, a kan ƙafafunmu da fuskokinmu. Mu yi ta kuka a baya, kai kuma idonka yana kan allura. Abin da kake faɗa kullum shi ne: "Ku kuna da bakin kuka, ita ba ta da shi."

Ranar da muka dawo daga asibiti da Umma ita ce ba ta barina. An ce mata jininta ya hau, ta guji wahala. Muka shiga cunkoso bayan gada, ka kunna hitarka. Ta jure, ta jure, sannan ta ce a ba ta hannun gilas. Ka ce ta bari mu wuce masu talla, kada a sa hannu a goge fenti. Ina zaune a bayanta na ga kanta ya langaɓe ya jingina da gilas. Na yi ihu. Ka tsaya a gefen hanya, ka fita, ka buɗe bonet. Bonet ka fara buɗewa, Baba. Wata mai sayar da ruwa ce ta buɗe ƙofar Umma ta yayyafa mata a fuska.

Ba ranar ta rasu ba, kada wani ya ce na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Ta ƙara shekaru, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ni ce ban iya irin haƙurinta ba. Tun da aka binne ta ƙafata ta ɗauke daga gidanka, kuma ka san dalili ko da ba ka tambaya ba.

Yanzu ga labarin gyara, tunda shi ne zai fi maka daɗi. Bakaniken da ya tayar da injin, Oga Danlami, da ya ji ina son a taɓa hita sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce: "Madam, wannan Abuja ne fa, wa yana gyara hita? Mu yanke tiyo, mu toshe, shi ke nan." Na ce a'a, a gyara min ita ta koma yadda aka ƙera ta. Ya dube ni kamar mai shirin ƙaura zuwa ƙasar ƙanƙara.

Da ni aka yi aikin, na ɗaura tsohon zane na durƙusa. Muka kwance gaban motar gaba ɗaya. Ƙaramin lagireton da ke ba da zafi ya cika da tsatsa, muka wanke shi har ruwa ya fito fari. Bawul ɗin ya ƙage, aka jiƙa shi da mai ya saki. Cikin fanka ɓeraye sun yi gida da audugar kujera, zanzaro kuma ya gina nasa a bakin bututu. Muka sauya tiyo biyu da suka tsattsage.

A nan ne na ga ƙofar iskar waje. Wani ɗan murfi ne a ƙarƙashin gilashin gaba, idan ya buɗe iska mai sanyi take shigowa ta huda ta gefen mai zaman gaba. Na tarar an ɗaure shi da waya, an naɗe ta tsaf, irin naɗin da kake wa bakin buhu. Na san hannunka. Ka rufe ne don kada ƙurar hanya ta ɓata maka kujeru. Na daɗe a durƙushe ina kallon wayar nan, sannan na sa filaya na tsinke ta. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Hita tana aiki yanzu, Baba, fiye da yadda ka san ta. Na gwada ta da rana tsaka a tsakar gida, gilas a rufe, na zauna a kujerar Umma. Ban daɗe ba na fito ina haki. Ita kuwa haka ta yi ta zama shekara da shekaru.

Hannayen gilas ma na same su, a cikin tsohuwar safa ƙarƙashin tayar safaya. Na mayar da kowanne wurinsa. Ranar Litinin a gaba za ka zauna, inda take zama. Hannun gilas ɗinka yana dama, ɓangaren da ba ya motsi. Maɓallin hita yana kusa da ni. Hanyar kuma ka san ta, cunkoson bai ragu ba, sai ma abin da ya ƙaru. Nura, dakata a nan kaɗan, ka bar shi ya yi tunani.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in rufe gilas in kunna maka hita, kuma na ji daɗinsa. Na kwana ina saƙa shi na tashi da shi.

Amma akwai abin da ya hana ni sakewa. Kai ne ka koya min tuƙi a filin makaranta, a cikin Gimbiyar da ba ka bari kowa ya taɓa. Na take birki da ƙarfi har goshinka ya bugi gilas, na jira faɗa, sai ka yi dariya ka ce in sake. Sau ɗaya ne, amma ya faru, kuma na kasa goge shi duk yadda na so. Ina jin haushinka, Baba, ina kuma kewarka, kuma na gaji da ɗaukar su biyun.

Saboda haka kada ka ji tsoro. Kafin ka shiga zan sauke maka gilas har ƙasa. Zan juya hudar iska ta kalli fuskarka. Idan allura ta hau, zan tsaya a gefen hanya, ƙofarka zan fara buɗewa, Gimbiya ta tafasa in ta ga dama. Ba don na yafe ba, wannan yana hannun Allah da lokaci. Ina so ne ka zauna a wurin Umma, iska tana kaɗa ka tun daga Masaka har Garki, ka ji da jikinka ƙanƙantar abin da ta roƙa.

Kuma dokarka ce nake bi. Kai ka ce wanda ba shi da bakin kuka shi ake fara dubawa. Yau kai ne ba ka da shi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sassauta maka, ya sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubi. Allah ya jiƙan Umma, ya sanyaya makwancinta, ya buɗe mata ƙofar iskar Aljanna wadda ba sai ta roƙi kowa ba. Ni kuma ya wanke min zuciya, don ban iya da kaina ba.

Nura ya shirya ka da wuri. Zan yi hon sau ɗaya a ƙofar gida, kamar yadda kake yi mana.

'Yarka,
Hadiza
Kado, Abuja