Kwaɗon da Adawiyya ta nema

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Shekara tara ke nan da Paschal Okafor ya rufe shagon kwamfutarsa a Daura ya koma gida ba ko sallama. Shi ya yi mini rajistar sunan shafina na intanet da imel ɗinsa, ya tafi da kalmar sirrin. Ban neme shi ba. Ba ni na tafi ba.
Adawiyya, 'yar ƙanwata, ta zo. Tana so ɗalibanta su saurari tatsuniyoyin da na naɗa daga bakin tsofaffin Baure da Dutsi, har da na Iya, mahaifiyata. Wai wayoyinsu suna cewa shafin ba shi da tsaro, shugaban makaranta kuma ya ce sai ya ga ɗan kwaɗon kullen nan, alamar tsaro, a jikin adireshi. "Kawu, satifiket ne kawai, kyauta ma ake bayarwa." Ni da na koyar da kwamfuta tun ba a haife ta ba.

Laraba, 9
Na gwada. Masu ba da satifiket ƙofofi biyu kawai suke ƙwanƙwasawa, kamfanin layina ya toshe duka. Sabar tawa, wato na'urar da ke ɗauke da shafin, tsohuwar kwamfuta ce a zaure, kan batirin sola, ta wata ƙofar gefe ake shigarta. Na kira kamfanin. Wata yarinya ta ce in kashe in kunna.

Asabar, 12
Saura hanya ɗaya: a sa wata shaida cikin asusun sunan. Asusun Paschal.
Sunan kuma tsakiyar Nuwamba zai ƙare. Ban taɓa dubawa ba. A zatona na shekaru da yawa ya yanka tun farko.

Talata, 15
Ba zan kira Paschal ba.

Alhamis, 24
Ebube mai kayan babur ya ba ni lambar gidan Paschal. Chidimma ce ta ɗauka, 'yarsa da aka haifa a nan. Hausarta tana nan daram. Ta ce tun Afrilu aka binne shi. Ciwon ya fara tun suna Daura, shi ya sa suka tashi, ya hana a gaya wa kowa. Imel ɗin ba wanda ya san kalmarsa, layinsa kuma an ba wani.
"Baba Sada, kowace shekara sai ya sabunta sunan nan. Yana kunna mana muryar Iya, yana dariya a wurin kura."
Na yi mata gaisuwa. Ban tambayi komai ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Adawiyya ta ce a yanki sabon suna, nan take za a samu kwaɗo. Na ce ta bari tukuna. Na kwafe wa Chidimma tatsuniyar kura, Ebube zai aika.
Muryoyin suna nan a zaure. Sunan ya faɗi da safe. Paschal ya rasu tun Afrilu.