Layin da Kika Sa Aka Goge

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Ubangiji Ya sa kina cikin rahamarSa. Ni ne Sabi'u, autanki mai gardama. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma maganar ta cika mini ciki.

Kin tuna ranar da na kawo takardar kamfanin irin shuka, waɗanda suka yarda in buɗe shago a Karaye da sunansu da fentinsu, in riƙa sayar da irinsu kaɗai? Kina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, kika ce in fassara miki. Ina karantawa ina ƙosawa. Kina ta ɓararki har na zo inda aka ce in saɓani ya taso ba za a je kotu ba, mai sulhu ne zai raba mu, kuma a Legas za a zauna.

Sai kika ajiye faifai. "Shago yana Karaye, manoma suna nan, rigimar ce za ta tafi Legas ita kaɗai?"

Na ce haka manyan kamfanoni suke yi. Har na ce ai ba ki san boko ba. Wannan maganar tana ci na har yau, Inna.

A ranar kika ba ni labarin gonar gadonki ta Rogo, yadda aka yi zaman rabonta a wani gari kina jegona, aka yanke babu ke. "Ina da gaskiya, zuwa ne ban samu ba," kika ce. Kika kuma ce ba ki yarda in sa hannu ba sai an gyara. Wata biyu wakilin kamfanin yana ja ina ja, kafin ya goge Legas ya rubuta Karaye, yana dariya, wai ai ba za a taɓa buƙata ba.

To bana an buƙata, shekara biyu da rasuwarki. Irin masarar da na sayar wa mutanen Zoza ya ƙi tsirowa. Kamfani ya ce ni na gauraya shi da tsohon iri, za su cire allon sunansu daga shagona. Allon bai dame ni kamar sunan gidanmu ba. Ko a masallaci ina jin idon mutane a ƙeyata.

Mai sulhu ya zo, aka zauna a shagon. Tsakiyar damina, wa zai bar noma ya bi ni Legas ya ba da shaida? Amma Karaye ranar kasuwa, ko ba a kira mutum ba zai zo. Malam Ɗanjuma, dattijon manomin da ya fi kowa fushi da ni, ya iso a bayan babur da buhu ɗaya na irin da bai buɗe ba, ɗinkin kamfani yana jikinsa. A gaban kowa aka farke. Ya ɗebi cikin hannu ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, kamar yadda kike gwada irin gyaɗa. Mai sulhu ya kulle a akwati ya tafi da makulli.

Bayan kwana biyar ya dawo aka buɗe. Waɗanda suka tsiro ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Kamfani ya yarda daga ma'ajiyarsu irin ya lalace, ya sake wa manoman wani, allona yana nan inda yake.

Da za a tashi, Malam Ɗanjuma ya riƙe hannuna ya nemi gafara, ya tambaye ni wane lauya ne ya sa aka kawo zaman nan gida. Na ce masa ba lauya ba ne, Innata ce.

Ke aka yanke babu ke, Inna, amma kin hana a yanke babu ni. Na gode. Ki yafe mini maganar boko.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa a zaman gobe ƙiyama Annabi ya tsaya miki.

Ɗanki,
Sabi'u