Amanar Motar Ƙasimu

Garin Hajj Abdalla, 4 ga Nuwamba, 1968

Zuwa ga Yayana Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikinka, yaya aikin tashar jiragen ruwa, yaya kuma zafin Bur Sudan? Inna Mero tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko ciwon haƙorin nan ya rabu da kai. Mu a nan lafiya. Auduga ta yi fure, dawa ta kusa yanka.

Na ce lafiya, amma ban da Baba. Wata bakwai ke nan da ka shigar da motarka tsakar gida, ka miƙa masa makulli, ka ce amana ce, kada kowa ya taɓa ta sai shi har ka dawo. Ina tsaye a wurin, na san da dariya ka faɗa. Shi bai ji dariyar ba.

Kullum bayan sallar asuba yakan ɗauki garwa biyu ya nufi tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakinmu. Ba ya ɗiba a gefe, wai akwai laka, laka kuwa tana karce fenti, sai ya kutsa cikin ruwan har ƙugu. Na rijiya ma ya ƙi shi, domin yana da gishiri, in ya bushe ya bar farin tabo. Sawu uku yake yi. Daga rufi yake fara wankin, ya sauko gilasai, tayoyi su ne na ƙarshe, sannan ya tsane ta da tsohon rawaninsa kafin rana ta same ta. Motar da ba ta motsa ba tun Afrilu, Yaya. Tun da ya sakar mini noman hawasha, gonar rabonmu, ba shi da wani aiki sai wannan.

Makon jiya Inna ta ga jini a wandonsa. Na kai shi wurin hakim, likitan garinmu, ya ce tsargiya ce, ta daɗe a jikinsa. Ya yi masa allura, ya kuma ce muddin yana shiga ruwan tur'a, allurar aikin banza ce. Baba ya yi masa godiya sosai. Washegari ya ɗauki garwa.

Na gwada ɗebo masa da kaina. Ya tsoma hannu, ya murza yatsu, ya ce gardi kamar ni ko ruwa bai iya ɗiba ba, ya juye a gindin lemo. Na haɗa shi da liman. Baba ya tambaye shi wa ke da ikon sauke amana in ba wanda ya ɗora ta ba. Liman ya sha shayinsa ya tafi.

Don haka layi ɗaya nake roƙo, da hannunka: ka ce ka sauke masa, ko ka yarda wani ya wanke. Daga gare ka kaɗai zai karɓa.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Mahmud

Hajj Abdalla, 19 ga Janairu, 1969

Yaya Ƙasimu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Allah ya sa lafiya ce ta hana ka amsa. Jibirin direban lori ya ce ya ji ka ƙetare Jidda, shi ya sa na ba shi wannan ya nemi mai kai maka. Mun fara tsinkar auduga, hannu ya yi mana kaɗan.

Dole in faɗa maka abin da na aikata. Da na gaji da jira, na rubuta takarda da sunanka, na ce ka sauke amanar, na shafa mata ƙura, na kawo ta kamar daga gidan waya. Baba bai bari na karanta ba. Ya karɓa, ya juya bayanta, ya shafa da yatsa. Ya ce Ƙasimu yana danna alƙalami har rubutu ya fito ta baya, tun a allo yake fama da shi a kan haka, wannan kuwa hannun mai jin tsoro ne. Ya ninke, ya mayar mini, ya ce Allah ya yafe mini. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ko takardar gaskiya ce sai ya shafa bayanta, saboda haka ka danna yadda ka saba.

Ƙafafunsa sun kumbura. Ranar Talata ya faɗi da garwa a kan hanya, ya tashi ya koma ya sake cikawa. Inna takan bi shi ta tsaya a bakin ruwa da mayafi a hannu. Na ɓoye garwanin, ya ari na maƙwabta.

Akwai abin da bai lura da shi ba, ko ya lura ya yi shiru. Ka san baƙar ƙasar nan tamu in ta sha ruwa. Wankin kullum ya jiƙa wurin, tayoyi sun nutse kusan rabi.

Ka rubuto, don Allah.
Mahmud

Hajj Abdalla, 27 ga Maris, 1969

Yayana,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso daga Jidda, mun gode Allah da kake lafiya, kuma ina taya ka murnar aikin da ka samu. Na shafa bayanta. Hannunka ne, Baba ba zai yi musu ba.

Kwana tara ke nan tana aljihuna, ban karanta masa ba.

Layi ɗaya na roƙa, ka ba ni uku. Ka ce ka sauke amanar. Ka ce a sayar da motar ko a kyautar, ba ka da bukatarta. Ka ce ba ka da ranar dawowa. Na so in karanta masa na farko in tsallake sauran, amma ka san zai karɓa ya duba da idonsa. Na karanta wa Inna. Ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ce in mayar da takardar inda na ciro ta.

Baba ba ya iya zuwa tur'a yanzu, ko zaure sai an riƙe shi. Ni nake shiga ruwan har ƙugu. Hakim ya ce in ci gaba, zai tanadar mini tawa allurar. Ranar farko Baba ya murza yatsu a garwa ya ce na fara koyo. Amma har yau bai yarda in taɓa motar ba. Nakan riƙe shi ta baya, shi kuma ya goge iyakar inda hannunsa ya kai, ƙofar direba da gilashinta. Sauran jikin duk ƙura. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai yake magana, bayansa ne kuma yake yarda ya sha kunu. Jiya ya ce mini a bar wajen direba fes, domin Ƙasimu ba shi da haƙuri, ranar da ya zo ba zai tsaya jiran wanki ba.

Da ina tsoron ruwan zai kashe shi, na yi ta roƙonka takarda. Ga ta a hannuna, ita nake tsoro yanzu. Kowace safiya sai ya tambaya ko an zo daga gidan waya, in ce tukuna.

Wannan karon ban roƙe ka komai ba, domin ban san abin da zan roƙa ba. In za ka sake rubutowa, ka gaishe shi kawai, kada ka ambaci mota.

Zan tsaya nan. Ruwa ya kwanta a garwa, ga Baba can yana kirana.

Inna tana sa maka albarka.
Ƙanenka, Mahmud