Mintsini Ne Burki

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Dalilin rubuto wannan takarda shi ne in kawo ƙarar mahaifiyarki. Yau kwana shida ke nan da ta ɓoye mukullin motata. Ni da na shekara talatin da takwas ina jan motar ma'aikata ban taɓa ko goge fenti ba, ni za a ce in tsaya bakin titi ina ɗaga wa motar haya hannu?

Wai ba na gani, ba na ji. Ƙarya ne. Gilashin motar ne ya dusashe, na wanke shi sau uku bai washe ba. Mutanen yanzu kuma ba sa buɗe baki in za su yi magana. Ɗan abin da ya faru ranar Talata, laifin Tela ne. Ki ja mata kunne.

Wassalam,
Mahaifinki.

Auta 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ki shafa min kan yara. Na san babanku ya rubuto, don na ga ya manna hanci a takarda. To, ji abin da ya tsallake.

Shekara biyu ke nan ni ce idonsa a mota. Da farko ihu nake yi, "Hagu! Hagu!", shi kuwa sai ya ce "Amin." Sai muka yi shawara: in ɗora hannu a gwiwarsa. Bugu ɗaya hagu, bugu biyu dama, mintsini burki. Ban gaya muku ba don na san halinku da ɗaga hankali.

Ranar Talata ƙafata ta kumbura, ban bi shi ba. Sai ga Tela maƙwabcinmu ya nemi a rage masa hanya, ya zauna a kujerata. Kin dai san Tela, ba ya iya dariya sai ya doki cinyar na kusa da shi. Ya ba da labarinsa, ya fashe da dariya shi kaɗai, ya ɗaɗa wa babanku duka biyu. Babanku kuwa, direba mai bin doka, ya karya kwana dama! Suka keta shingen gidan Malamar makaranta, suka kwashe igiyar shanya gaba ɗaya. Mota ta ci gaba da tafiya lulluɓe da zanin gado, Tela yana salati, babanku yana cewa "Na'am?" Allah ya taimaka tsoro ya sa Tela ya damƙi cinyarsa da farce, nan take ya taka burki.

Na yi dariya har da hawaye, Auta. Amma da na je ba da haƙuri, na ga 'yar kujerar da uwar Malama ke zama kullum ta zama itacen wuta a ƙarƙashin taya. Tsohuwar ta shiga shan ruwa ne kawai. Laifin kuwa har da nawa. Mukulli yana cikin gwangwanin maɓallai. Ba zai gan shi ba ko na ajiye masa a faranti.

Ki huta lafiya,
Mamanki.

Baba,

Barka da gida, da fatan kun tashi lafiya. Na karanta takardunku biyu. Wato duk zuwan da kuka yi wurina, da gwiwa kuka zo?

Baba, gilashin motarka lafiya lau yake. Yanar ido ce ke damunka, kunnen kuma shekaru ne, ba abin kunya ba. Na karɓa maka layin likitan ido da na kunne ranar Litinin. Kai ka koya min cewa direban kirki shi ne wanda ya san lokacin tsayawa. Ba zan ja kunnen Mama ba, naka za a duba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa. Na ga likitocinki. An maƙala min wata 'yar na'ura a kunne, yanzu ina jin duk abin da mahaifiyarki ke faɗa a kaina, ashe da yawa. Na ido ya ce bayan an yi min aiki zan ga fuskokin jikokina, amma ni da sitiyari mun yi sallama. Na kai wa tsohuwar sabuwar kujera da hannuna.

Abu ɗaya zan gaya miki, kada yayyenki su ji. Ba tuƙin ne ya fi yi min ciwo ba. Shekara arba'in da aure, sai a motar nan hannun mahaifiyarki ya saba zama a gwiwata.

Don haka na fara koya mata mota a filin bayan makaranta. Ita ke tuƙi, ni ke riƙe da gwiwa. Jiya na mintsine ta sau tara. Ta ce, "Malam, ai babu komai a gabanmu!" Na ce na sani.

Wassalam,
Mahaifinki.