Bidiyon Faɗuwar Baba

Kaduna

Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Ya Baba da jiki? Ya Inna da mutanen Randagi?

Tunda ka ce ya sake faɗuwa a gona na kasa zama. Na tambayi likitan ƙwaƙwalwa na asibitin da nake bautar ƙasa. Ya ce faɗuwa iri-iri ce: wata farfaɗiya, wata daga zuciya, maganinsu kuma daban. Ya ce bincike ya nuna bidiyon waya yana taimaka wa likita sosai wajen bambancewa. Kafin a biyo da Baba Kaduna ta wannan daji mai haɗari, ka ɗauke shi a waya, ka ba direban mota memorin wayar ya kawo min. In ya faɗi, kada a sa masa cokali a baki. A kwantar da shi ta gefe. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

Kaduna

Yaya,

Bayan gaisuwa, memori ya iso. Na kunna a gaban likita, sai ga Baba cikin babbar riga da hular Sallah, zaune a kujera yana cewa, "Likita, ina gajiya?" Yaya, lokacin da abin ya kama shi ake so! Wane hannu ne ke fara rawa, ina idonsa ke juyawa. Laifina ne, ban fayyace ba.

Juwairiyya

Randagi

Malama likita,

Muna gaishe ki. Wanka Inna ta sa ya yi, ta ce ba za a kai mijinta birni da ƙasa a gemu ba. Ke kuma so kike in tsaya riƙe da waya ubana yana birgima? Mutumin da ke jan salla a unguwa? Ki zo ki ɗauka da kanki.

Labaran

Randagi

Juwairiyya,

Sallama. Baba ya sa na karanta masa wasiƙarki. Da na gama ya ce, "In na faɗi ka ɗauka. Umarni ne."

Jiya ya faɗi a zaure. Inna ta riƙe kansa, ni na riƙe waya. Hannun hagu ne ya fara.

Ga memorin. Baba ya ce likita ya kalla, ke ki fita waje.

Allah ya ba shi lafiya.

Yayanki,
Labaran