Kujerar Gaba ta Motar Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Ko da kina raye ma ba ke za ki buɗe ta ba, Hadiza za ki miƙa wa ki ce ta duba abin da wancan ya rubuto. Amma magana ce ta cika mini ciki, kuma wurin da na saba gaya miki magana shi ake shirin ɗaukewa daga gidan nan.

Gida lafiya lau. Damina ta yi albarka, masara ta cika kasuwar Hunkuyi har masu awo suna ƙorafin arha. Autarki Hadiza ta sauka lafiya, namiji. Ƙanena Nura yana nan da rawar kansa yadda kika bar shi. Matan da ke sarin mazarƙwaila a wurinki har yanzu in sun zo wucewa sai sun tsaya a ƙofar gida sun yi miki addu'a, wasu da hawaye.

Inna, motarki ta mutu.

Cikin watan Agusta ne Nura ya kwashi matan gida zuwa biki a Gazara. A kan hanyar dawowa suka tarar ruwa ya cika wani kwari. Ya ga 'yan acaba suna ɗaga ƙafa suna wucewa, shi ma ya danna kai. Kin san Nura, in jaki ya wuce wuri gani yake shi ma dole ya wuce. A tsakiyar ruwan motar ta yi wata ƙara ta tsaya cak. Ba wanda ya ji ciwo, mun gode Allah. Da tarakta aka jawo ta gida, matan suna bin ta a ƙasa da takalma a hannu. Da kin gani da kin yi dariya kafin ki fara faɗa.

Bulus bakanike, wanda ba ki taɓa yarda wani ya taɓa miki ita ba sai shi, ya taso tun daga Makarfi. Ya buɗe gabanta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ruwa ya shiga injin, ya buga, ba ya gyaruwa. Sai dai a sayo wani na hannu daga Legas, kuɗinsa kuwa zai kusa kai kuɗin gonar fadama. Ya ce ko an sa ɗin ma ba zai yi mini rantsuwa ba, don irin waɗannan manyan motoci duk wayoyi ne a cikinsu, in ruwa ya taɓa su yau lafiya gobe ciwo. Ɗayar hanyar ita ce a sayar wa masu yanka mota su sayar da kayanta ɗaya-ɗaya. Da ya faɗi haka bai iya kallona ba, sai ya hau goge hannunsa da tsumma.

Ga shi an sa rabon gado bayan girbi. Nura da Hadiza ba su matsa mini ba, Allah Ya yi musu albarka. Sun ce ko dai a sayar a zuba kuɗin cikin gado, ko in ina sonta a lissafa ta cikin rabona. In na ɗauke ta kuwa, ba ni da abin gyaranta sai in sayar da gonar raken da za ta faɗo mini a fadama. Matata Rabi ta ce gonar nan ita ce cin yara da karatunsu. Gaskiya ta faɗa. To amma yaya zan yi in gaya musu abin da motar nan take a wurina? Su gani suke ƙarfe ne da taya.

Ni ne ɗanki na fari, Inna, kuma kin riƙe kunyar ɗan fari kamar ke aka bar wa ajiyarta. Ana yaye ni aka kai ni Paki wurin Kaka. In na zo hutu ba ki kallon inda nake, ba ki kiran sunana. Sai dai in ji kin ce a ba wancan abinci, ko a ce wa wancan rana ta yi. Ina yaro na ɗauka ba kya sona. Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure mini kai. Duk sallah sai takalmi sabo ya iso Paki, a ce daga Hunkuyi, kuma bai taɓa yi mini yawa ko kaɗan ba. Wanda ba ya kallonka, ina ya san girman ƙafarka?

Da Baba ya rasu kowa ya ɗauka gidan zai watse. Ke kuwa da faranti ɗaya na mazarƙwaila kika fara, har kika kai ga sayen masara da kaka ki ajiye sai bazara. Maza masu rawani suna zuwa zaurenki neman shawarar farashi. Ban taɓa ganin mai tsantseni da dukiya irinki ba. Kazar da ta daina ƙwai ba ta kwana biyu sai a ji ta a miya. Injin niƙan da kika fi so, ranar da ya fara cin kuɗin gyara fiye da abin da yake kawowa, ranar kika sayar da shi ba ki waiwaya ba. Kullum kina cewa abin da ba ya kawowa ci yake yi.

Sai ga shi rana tsaka kin aika an kawo mota daga Kano. Baƙa wuluk, doguwa, kujerun fata, gilashi mai duhu, ga sanyi a ciki kamar randa. Garin nan ba abin da ba a faɗa ba. Wasu suka ce kuɗi sun hau wa Hajiya kai, wasu suka ce da babbar motar ɗaukar hatsi kika saya da ta fi. Aka kawo miki direbobi kika kore su duka, kika ce satar mai suke yi. Sai kika ce a gaya wa wancan ya je ya koyi tuƙi. Ina malamin firamare, da matata da 'yata, na koma zagaya filin ƙwallo da mota yara suna yi mini ihu. Daga ranar na samu suna a bakinki. Direba. Shi ne suna na farko da kika taɓa kirana da shi, kuma wallahi ya fi mini wanda aka raɗa mini daɗi.

Kin tuna ranakun kasuwar Makarfi? Daga ƙofar gida a baya kike zama, kin haɗe rai, kina kallon gefe. Da mun bar gidajen ƙarshe na gari, mun kai wajen tsamiyar nan, sai ki ce zaman baya yana sa ki jiri, in tsaya. Ki fito, ki duba gabas ki duba yamma, ki shigo gaba. Ki ce in ɗaga gilashi saboda sanyin kada ya fita. Daga nan sai bakinki ya buɗe. A kujerar nan kika ba ni labarin yadda Baba ya yi ta zarya gidanku da keken aro. A nan kika gaya mini ranar da aka tafi da ni Paki bayan rumbu kika zagaya kika yi kukanki, kika wanke fuska kika dawo kina daka. A nan na ji labarin takalmi. Ashe in na zo hutu na yi barcin rana, da zare kike auna ƙafata ki ƙulle shi a bakin zani. Kina faɗa kina dariya, kin rufe baki da gefen mayafi, ni kuwa ina ƙoƙarin ganin hanya.

Ga ki da hana gudu. Motar da in an taka ta ba mai ganin ƙurarta, amma masu keke da rake a baya suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. In na ɗan ƙara wuta sai ki ce ba ki shirya mutuwa yau ba. Kafin mu shiga Makarfi kuma jirin ya warke, ki koma baya. Muna isa kasuwa na sake zama wancan.

Na sani, Inna. Tun tafiya ta biyu na gane ba jiri ba ne, ba kuma satar mai ba ce. Ban taɓa faɗa ba don na san in na faɗa kunya za ta mayar da ke kujerar baya har abada. Ke da ba ki barin kaza ta ci hatsinki a banza, kika sayi abin da yake shan mai kamar rairayi, ba ya kawo ko sisi, kika riƙe shi har ƙarshen ranki. Ita ce asara ɗaya da kika yi da idonki buɗe, kuma saboda ni kika yi ta. Wace uwa ce za ta yi wannan dabara, ta tsare al'adarta ba ta karya ba, ta kuma samu ɗanta? Ban taɓa yi miki godiya ba. Na gode, Inna.

Shi ya sa da Bulus ya ambaci masu yanka na ji kamar ni za a sa wa wuƙa. Na yi niyyar sayar da gonar, har na fara tambayar masu so. Motar tana nan gindin darbejiya, in na taso daga makaranta sai in shiga in zauna, in riƙe sitiyari, ba inda za ni.

A haka wata la'asar Rabi ta aiko Ummi ta kawo mini kunu. Ummi dai 'yata ta fari, mai sunanki, wadda kike cewa kishiyarki. Kin san ni ma ban tsira ba, yadda kika yi mini haka nake yi mata. Ban iya kallonta, sai dai in ce a gaya wa waccan. Ta tsaya a jikin mota kanta a ƙasa tana jira in karɓa. Ban san abin da ya taɓa ni ba, sai na miƙa hannu na buɗe mata ƙofar gaba. Ta yi jim, ta waiga ko ana kallonta, daidai yadda kike yi a gindin tsamiya. Sannan ta shigo ta ja ƙofa.

Ba inji, ba sanyi, gumi kawai muke yi. Can na tambaye ta labarin makaranta, sai magana ta ɓalle. Ashe yarinyar nan aikin asibiti take son karantawa, a Makarfi, ta daɗe da abin a ranta tana tsoron gaya mini. Ashe tana da ban dariya, tana kwaikwayon tafiyar Nura har na ƙware da kunu. Da ta yi dariya kuwa sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Na juya kai ina kallon darbejiya don kada ta ga idona.

Karatun nan da rake za a biya shi, Inna. In na sayar da fadama na tayar da mota, da me zan kai ta? Kuma na tabbata da za a tambaye ki, kallon da kike yi wa mai tayin banza shi za ki yi mini. Ke ba ƙarfe kika saya ba, balle in ce ƙarfe kika bar mini.

Na gaya wa su Nura a sayar. Abu ɗaya na roƙa, kuma sun yarda. Bulus ya zo ya kwance kujerar gaba. Masu saye sun yi ta mita, har suka rage kuɗi, na ce a cire daga rabona. Kujerar tana ɗakina yanzu, jikin taga, har yau da ɗan ƙamshin turarenki. Ummi ta fara shigowa da kunu tana zama a kai ba sai na ce ba. In lokacin makarantar ya yi, a kan mashin ɗina zan kai ta da kaina, kuma na yi miki alkawari masu keke za su wuce mu.

Jibi masu sayen za su zo su ja motar. Zan tsaya a ƙofar gida in raka ta da ido har ta sha kwana, yadda ya kamata a raka babba.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. In Ya haɗa mu a can, don Allah ki shigo gaba tun daga ƙofar gida.

Naki har kullum,
Direba