Ba-Hula Ba Za Ta Hau Sikeli Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Makanike na Tasawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa, ni ce autarka Rakiya. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Zan rubuta duk da haka, kuma zan sa ta inda mutanen gari za su karanta, don a gabansu aka taɓa sunanka.

Baba, za a sayar da Ba-Hula. Ƙanenka Baffa Isuhu ya kira masu sayen tsohon ƙarfe, ya ce su zo ranar kasuwa da sikelinsu da wutar yanka. Filin garejinka yake so, zai yi wa ƴaƴanshi rumfar kabu-kabu, baburan haya. Fili kam ya ɗauka, ban ce komi ba. Abin da ya ci mani rai shi ne maganar da ya yi a majalisa, wai motar aikin Nasara ce, kai ba abin da ka yi sai yanke mata rufi.

Yaran yanzu gangar jikinta kaɗai suka tarar, kaji na ƙwai a ciki. Ni kuwa na san ta da ranta. Kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, gilashin gaba ɗan guntu. Ka ja mata hanci ya yi tsawo don injin babbar mota da ka cusa mata ya samu wurin zama. Tayoyin baya manya, na gaba ƙanana, ta duƙa kamar rago mai shirin karo. In ka tashe ta a gareji har tasha ana jin ta. Mutane suka ga mota tsirara ba komi a kanta, suka sa mata Ba-Hula.

Inna na cewa, "Garba, wagga aba ita za ta yi ajalinka." Kai kuma amsarka ɗaya ce kullum: "Duk abin da ba ya tura mota gaba kaya ne, a sauke shi."

Ka tuna ranar da ka ɗora ni muka nufi Hawandawaki? Iska ta fizge mani sabon ɗankwali, na yi ta ihu ka tsaya. Ba ka tsaya ba. Hannunka bisa bolan kana tuƙi, kana dariya, ka ce wanda ya tsaya cikin rairayi ya kafe. Muka dawo kaina a buɗe, fari fat da ƙura, Inna ta yi kwana biyu ba ta yi maka magana ba.

To, da aka yi hutun lakwal, makarantar da nake koyarwa, na ajiye alli, na hau kabu-kabu na bi sawun motarka. Takardarta gara ta cinye tuntuni, don haka bakin mutane na bi.

Na fara da Alhaji Mani, wanda ya yi awon gyaɗa tun yana saurayi. Idonshi ya tafi amma kanshi garau. Ya ce i, wani Nasara mai sayen gyaɗa ya zo da ita, baƙa, mai rufi da ƙofa huɗu, ga nauyi. Ba ta fita ƙauye sai an tara mutane sun tura. Wata damina ta kife da shi kusa da Korgom, rufin ya lotse, injin ya mutu, ya bar ta nan ya yi gaba abinshi. Damina biyu tana kwance awaki na kwana ƙarƙashinta, sannan ka je da shanu huɗu ka jawo ta har Tasawa, mutane na bin ka suna cewa ɗan maƙera ya zautu.

Iyakar gaskiyar Baffa ke nan. Mushen mota Nasara ya bari.

Amma na san in na kawo maganar Alhaji Mani za a ce tsufa ne. Sai na tuna al'adarka. Duk ƙarfen da ka ƙera da hannunka, kafin ya huce sai ka sa kurfi, ƙarfen zane, da guduma ka buga mashi tsagar gidanku: uku gajeru, ɗaya doguwa a ƙarƙashi, irin wadda ke kuncinka. Na koma gareji na kankare gangar jikin har farcena ya karye. Tsatsa ta riga ni, ta cinye wurin. Na zauna cikin kashin kaji na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Sannan na tuna cewa lokacin da kake kwance ba lafiya, Baffa ya cire injin da ƙarfen ƙafafun baya ya sayar. A ƙasar nan ai ba a zubar da ƙarfe, sai dai ya sake sana'a. Na yi ta tambaya gareji gareji har aka ce in je garin Gidan Amumune.

Baba, injinka niƙa yake yi! Na tarar da shi cikin wata rumfa bakin kasuwa, mata sun jera ƙwaryar hatsi. Tun kafin in gan shi na gane muryarshi. Na roƙi mai injin ya kashe, na ari cokali na shiga kankare gari da baƙin mai daga ƙafafun ƙarfen da ka ƙera mashi. Matan na ta dariya, wata ta ce malamar lakwal ta zo neman zinariya. Sai ga tsagar ta fito. Uku gajeru, ɗaya doguwa. Na dafa wurin da zafinshi ban ji ƙuna ba.

Ƙarfen ƙafafun bayan motar kuma Korgom na same shi, ƙarƙashin amalanken wani manomi, Malam Idi. Na kwanta ƙasa da zanena na leƙa. Ga waldarka inda ka haɗa ƙarfen babbar mota da na ƙarama, ga tsagar a gefe. Da Malam Idi ya ji ko ɗiyar wa ce ni, sai ya ba ni wani labari. Ya ce wata damina haihuwa ta gardama wa matarshi, hanya ta ɓaci, babu direban da ya yarda ya shigo. Kai ka zo da Ba-Hula, ka kai ta likita a Tasawa, shi yana maƙale a baya. Ɗan da aka haifa yanzu shi ma magidanci ne. Ba ka taɓa ba mu wannan labarin ba, Baba. Me ya sa?

Ban roƙe shi ba, shi ya ce zai ɗaura shanu mu kai amalanken Tasawa, Baffa ya gani.

Jiya da hantsi muka tsaida amalanken ƙofar gidan Baffa. Na durƙusa na gaida Baffa yadda ka koya mani, sannan na ce ya duba. Ya sunkuya, ya ɗora babban yatsanshi bisa tsagar, yatsan nan mai mataccen farce. Nan take abin ya faɗo mani. Ai shi ke riƙe maka kurfi kana bugawa, kuma gudumarka ce ta kuskure ta kashe farcen. Ya sani, Baba. Tun ranar da ya buɗe baki a majalisa ya sani.

Ya miƙe, ya shafa kuncinshi inda tashi tsagar take, bai dube ni ba. Abin da ya ce kaɗai, masu ƙarfe dai suna nan tafe. Ya shige gida.

To, su zo. Gobe ce kasuwa. Na kori kajin, na share Ba-Hula, na shimfiɗa tabarma inda kujerarka take. Malam Idi bai koma ba, shanunshi na ɗaure bakin gareji, ya ce yadda ka jawo ta da shanu haka zai ja ta zuwa gidana. Maigidana ya riga ya share mata wuri ƙarƙashin dalbejiya. An aiko mani cewa abin kunya ne, matar aure, malama, ta yi jayayya da ƙanen ubanta a kan ruɓaɓɓen ƙarfe. Na ji. Ba zan ɗaga mashi murya ba, ba zan kai ƙara ko'ina ba. Ina idar da sallar asuba zan shiga in zauna. In Baffa ya bari a ja ta, zan durƙusa in yi mashi godiya. In kuma ya ce sai an ɗora ta bisa sikeli, to a auna da ni a ciki.

Ina kewarka, Baba, kewa mai tsanani. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa kowace ƙwarya da injinka ya niƙa da kowane rai da motarka ta kai likita su zame maka haske. Allah Ya sanyaya zuciyar Baffa, Ya tuna mashi wanda ya riƙe wa kurfi. Amin.

Ɗiyarka da ɗankwalinta ya tafi a hanyar Hawandawaki,
Rakiya